Awon Haske a Tsohuwar Kyamara Mai Ido Biyu

Tunda kyamarar Stereo Realist ce ta shigo hannunka, kuma niyyarka ka yi aiki da ita ba ka ajiye ta a kabad don ado ba, to bari mu yi maganar haske. Ka tambaye ni lambar da za ka sa. Lamba ɗaya ba za ta ishe ka ba. Abin da zan ba ka shi ne yadda ake jera tunanin: me ake fara yankewa, me ake bari ya biyo baya.

Kamfanin David White na birnin Milwaukee a Amurka ne ya ƙera wannan kyamara daga 1947 zuwa 1971, bisa zanen wani injiniya mai suna Seton Rochwite. Gilasai uku ne a fuskarta, amma na tsakiya na leƙe ne kawai. Na dama da na hagu su ne ke ɗauka, tsakaninsu kimanin milimita 70, ɗan fiye da tazarar idanun mutum. Duk latsi ɗaya hoto biyu ne, kowanne daga inda idonsa yake. Tun 1838 Charles Wheatstone ya nuna a Ingila cewa in aka ba kowane ido nasa hoton, ƙwaƙwalwa za ta haɗa su ta fitar da zurfi, har mutum ya ji kamar zai miƙa hannu ya taɓa.

To ka lura da wannan, don duk sauran maganata a kansa take tsaye. Zurfin nan ba a jikin fim yake ba. Mai kallo ne ke haɗa shi, daga ɗan bambancin da ke tsakanin hoton dama da na hagu. Kuma ba zai iya gane bambancin ba sai da abin kamawa: zaren saƙa, tsagar bango, gefen ganye, tsakuwar ƙasa. Inda haske ya yi yawa har wuri ya ƙone ya koma fari fat, babu abin kamawa. Inda ya yi kaɗan har wuri ya toshe ya koma baƙi ƙirin, nan ma babu. A hoto na yau da kullum, ƙonewar bango ɗan aibi ne da ake iya yafewa. A hoto mai ido biyu kuwa, wurin sai ya zama huda a tsakiyar duniyar da ka gina, ido ya rasa ko kusa yake ko nesa. Shi ya sa awon haske ya fi nauyi a nan.

Abu biyu ne a hannunka. Akwai ƙofar haske, wadda ake faɗaɗawa ko a tsuke ta da zoben da ke kan gilashin ɗauka. In ka murza ɗaya, ɗayan ma zai bi. Lambobinta sun tashi daga 3.5 zuwa 22, kuma gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙofa. Daga 8 zuwa 11, ko daga 11 zuwa 16, hasken da ke shiga ya ragu da rabi ke nan, shi muke kira mataki ɗaya. Sai marufi, mai buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido, wanda ake saita saurinsa da zoben gilashin tsakiya, daga sakan ɗaya har zuwa 1/150. Daga 1/50 zuwa 1/100 shi ma mataki ɗaya ne. Don haka 16 da 1/50, da 11 da 1/100, haske iri ɗaya suke kai wa fim. Amma ba hoto iri ɗaya suke haifarwa ba.

Kafin mu je can, ka kiyayi alamun da masu ƙera ta suka bari. A kan Realist da yawa za ka ga an yi wa 1/50 da 6.3 jar alama. Kyamarar Kodak Stereo, wadda aka yi daga 1954 zuwa 1959, ita kuma har da rubutun rana, hazo da gajimare a kusa da lambobin ƙofarta. Ba ƙarya suka yi ba. Sun auna ne da Kodachrome na zamaninsu, mai ƙarfin ASA 10 kacal, fim ɗin da sai ya sha haske sosai kafin ya kama. Sai a 1961 aka fito da mai 25. An daina yin Kodachrome gaba ɗaya a 2009, kuma ɗakin wanki na ƙarshe da ke iya wanke shi, a garin Parsons na jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Fim ɗin da za ka saya yau mai ISO 100 ya ninka wancan sau goma wajen jin haske. In ka bi jar alama da shi a cikin rana, ka zuba masa fiye da mataki uku a kan abin da yake buƙata, sai dai ka ɗauko farar leda daga wurin wanki. Awon rigar wani ne, an ɗinka ta tun ba a haife ka ba. Kada ka ce dole sai ta zauna maka.

Yanzu ga tsarin. Ka fara yanke ƙofa, sannan ka nemo mata sauri.

Masu hoton fuska na yau suna son buɗe ƙofa wangale, don fuska ta fito tar, bayanta ya narke. Wannan ado ne a hoto mai ido ɗaya. A namu cuta ce. Wanda ya ɗora ido a kan akwatin kallo, wato abin da ake saka hotunan biyu a ciki a kalle su, ba ya tsayawa inda ka nufa. Zai duba reshen da ke gaba, ya tsallaka ga mutumin tsakiya, ya wuce har hasumiyar da ke can nesa, kuma a ko'ina yana sa ran ganin abu fes kamar yadda yake gani a fili. In ya kai wani wuri ya tarar da dishi-dishi, idonsa zai yi ta ƙoƙarin gyara abin da ba ya gyaruwa, sai gajiya, wani lokaci har ciwon kai. Abin da ke sa hoto ya fito tar daga gaba har baya shi ne tsukakkiyar ƙofa. Da gilashin Realist mai milimita 35, in ka sa 8 ka saita nisa a wajen ƙafa 16, komai zai fito daga kimanin ƙafa 8 har iyakar gani. In ka sa 11 ka saita a ƙafa 12, daga kimanin ƙafa 6 ne. In ka buɗe zuwa 5.6 kana son na nesa ya fito, na kusa sai ya kai ƙafa 12 kafin ya shiga. A 3.5 kuwa sai kusan ƙafa 20, ka ga duk gaban hoton, inda zurfi ya fi daɗi, ya tafi.

Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar masu wannan sana'a: in akwai nesa mai nisa a hoton, abu mafi kusa kada ya gaza ninki 30 na tazarar gilasai. Milimita 70 sau 30 ya ba ka mita biyu da ɗan ɗori, wato ƙafa 7. Abin da ya fi haka kusa yana wahalar da ido wajen haɗa hotunan biyu. Ka ga ashe 8 ya kusa rufe duk filin da kake buƙata, 11 ya rufe shi, 16 kuma ya rufe shi da rara. Ni a ganina nan ne gidan wannan kyamara. Ban cika son 22 ba: ƙofa in ta tsuke ƙwarai, kaifin hoto yana ɗan raguwa, kuma an san Realist mai 3.5 da duhunta kusurwoyi a ƙananan ƙofofi.

Sai sauri. A rana mai ƙarfi, wadda inuwarka ke fita baƙa mai kaifin gefe, ka sa ƙofa a 16, saurin kuma ya zama lambar da ta fi kusa da ƙarfin fim. Da ISO 100, 1/100 ke nan. In rana ta ɗan lulluɓe, inuwa na nan amma gefenta ya yi laushi, 11. In gajimare ya rufe amma gari da haske, inuwa ta ɓace, 8. In hadari ya haɗu, ko kana inuwar gini sama a buɗe, 5.6. To a nan ne tsarin namu zai yi aiki. In lissafi ya kai ka 5.6 da 1/100, kada ka karɓa haka. Ka mayar da shi 8 da 1/50, ko 11 da 1/25. Hasken ɗaya ne, amma ka ceci zurfi.

Abin da za ka biya shi ne natsuwar hannu. Masu ƙera Realist sun taimaka maka: ramin leƙe a ƙasa yake, don jikin kyamara ya kwanta a goshinka. Ka manna ta, ka haɗa gwiwoyin hannu da ƙirji, ka saki numfashi, ka latsa a hankali. A haka 1/50 ba ya ba da wahala. A 1/25 ka jingina da bango ko bishiya. Ƙasa da nan sai ka ɗora ta a kan mai ƙafa uku. Kuma ka riƙe ta daidai wa daida, kada ta karkace, kada kuma ka taɓa tsayar da ita a tsaye. Kodak har ɗan kumfan awo suka sa a wurin leƙen tasu saboda wannan.

Ga abu mai motsi, ka san iyakarka. 1/150 ba zai tsayar da dokin da ke gilmawa a sukuwane ba. In ka je kallon hawan salla, ka jira mahayi yana tahowa wajenka, ko lokacin da ya ja linzami ya ƙame. Motsin da ke nufo ka ba ya shafewa kamar mai wucewa ta gefe, kuma shi ne ma ya fi ba da zurfi.

Wannan ƙarancin sauri shi ke faɗa maka fim ɗin da za ka saya. Mai ISO 400 a ranarmu yana buƙatar 1/400 a 16, kyamararka kuwa ba ta da shi. Sai ka ƙure ƙofa a 22 ka ƙure sauri, babu sauran wurin juyawa. Ka bar shi don cikin rumfa da bayan la'asar. Mai 100, irin su Ektachrome E100 da Kodak suka dawo da shi a 2018, ko Provia 100F na Fujifilm, shi ya fi zama da ita. Mai 50 irin Velvia yana ba ka 11 da 1/100 a rana, amma launinsa da zafi, kuma yana saurin toshe inuwa, ba na ba ka shawararsa ga fuskokin mutane.

Waɗannan duka silaid ne, fim ɗin da ke fitowa da launinsa na gaskiya, a yanka a ɗaura a firam a kalla kai tsaye. Don shi aka yi kyamarar, kuma babu abin da ya kai shi kyau in kwan fitilar akwatin kallo ya hasko shi ta baya. Amma ba shi da haƙuri. Rabin mataki na ƙari yana iya cinye maka farin wuri, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Don haka da silaid, in kana shakka tsakanin lamba biyu, ka karkata ga ɗan ragi. Nagetif kuwa akasin haka ne: yana shanye ƙarin mataki ɗaya ko biyu bai nuna ba, ragi ne ke kashe shi. In wanki irin na E-6 da silaid ke buƙata ya yi maka nisa, ka fara da nagetif, ka ƙara masa mataki ɗaya, ba abin kunya ba ne. Sai dai in za a zuba shi a kwamfuta, ka tabbata an yi wa hoton dama da na hagu gyara iri ɗaya, kada a bar na'ura ta gyara kowanne yadda ta ga dama.

Bari in daɗe a kan abin da na san zai fi ba ka wahala, wato mutum baƙi cikin farar babbar riga a tsakiyar rana. Rigar tana can ƙarshen haske, fuskar tana ƙarƙashin inuwar hula ko rawani. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi abin da silaid zai iya ɗauka. In ka auna don fuska, aikin aska takwas da ke ƙirjin rigar, wanda fari ne a kan fari, zai narke, ninkin hannun riga ya ɓace, mutum ya zama kai a kan farin allo. In ka auna don riga, idanu su nutse. Babu lambar da za ta warware wannan, komai gwanintarka. Hasken ne za ka sauya. Ka roƙi mutumin ya matso bakin zaure ko inuwar katanga, inda sama ke hasko shi ba tare da rana ta dake shi ba. Ko ka ɗauka tun hantsi bai ɗaga ba, ko ka jira la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana shiga ƙarƙashin hula yana fito da kowane zare. In da farin bango a kusa, ka tsayar da shi yadda bangon zai mayar da haske fuskarsa. A inuwa za ka sauka wajen 8 da 1/50, amma riga da fuska za su shiga hoto tare. Na fi son ka rasa hoto guda ka jira, da ka ɗauki mutumin kirki ka mayar da shi inuwa marar fuska.

Ma'aunin haske yana da amfani, ko na hannu ko manhajar waya, in ka san halinsa. Wanda ake nunawa wajen abin ɗauka yana ɗauka cewa duk duniya toka-toka ce. Ka nuna masa farar riga, zai ce ka rage har ta koma toka. Ka nuna masa duhun ɗaki, zai ce ka ƙara har ya koma toka. Mafi aminci shi ne mai ɗan farin ƙoƙo, wanda za ka tsaya inda mutumin yake ka juya shi wajen kyamara, ya auna hasken da ke sauka, ba wanda ke dawowa ba. In ba ka da shi, ka auna kwalin toka da ake sayarwa don wannan aiki, ko tafin hannunka a cikin hasken da abin yake; in tafin ne, ka buɗe kimanin mataki ɗaya a kan abin da ya faɗa. Ka gwada tafin naka da kwalin sau ɗaya don ka san tazararsu. Tsofaffin ma'aunai marasa batir da akan samu tare da irin wannan kyamara, yawancinsu sun raunana da shekaru, sai ka gwada su da ƙa'idar 16 a rana kafin ka yarda da su. Lokacin hunturu kuma, hazo yana mayar da sama fara, ya ruɗi ma'auni ya sa ka rage fiye da kima, don haka ka sunkuyar da shi ƙasa. Hasken hazo mai laushi ne, silaid na sonsa. Ƙurarsa ce ba a so, ka riƙa rufe murfin gilasai da zarar ka latsa.

Saura abin da mai kyamara mai ido ɗaya bai san shi ba: dole idanun biyu su sha haske daidai da juna. In hoton dama ya fi na hagu haske, mai kallo zai ga wani ƙyalli yana rawa, ya kasa natsuwa. Sau da yawa rana ce ke dukan gilashi ɗaya ta bar ɗayan, sai hoto ɗaya ya fito da farin hayaƙi. Gilasan wancan zamani ba su jure hasken gaba kamar na yau. Ka sa rana a bayanka ko a gefe, in kuwa dole ne ka fuskance ta, ka tsaya a inuwa yadda gilasan biyu za su fake tare. Kyamarar Sputnik ta Rasha, mai cin babban fim na 120, an san ta da wannan hali, ga yoyon haske, ga gilashinta mai milimita 75 da ke neman 16 ko 22 kafin gaba da baya su fito tare. In wata rana ta zo hannunka, ka tanadi haƙuri.

Duk lambobin da na ba ka kuwa sun dogara ne a kan cewa 1/100 ɗin da aka rubuta 1/100 ne a aikace. Kyamarar da ta haura shekara 50, maiƙon cikinta ya daskare, sifirin ya gaji, galibi marufinta ya fi rubutun jinkiri, musamman a lambobin sama. Tun ba ka sa fim ba, ka buɗe bayanta ka fuskanci taga. Ka sa sakan ɗaya ka saurara: ƙarar ta tafi sumul, ko tana tsayawa tana ci gaba? Ka bi sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya, kana duban ko ɓangarorin biyu na buɗewa tare. Ka bar marufi a buɗe, ka tsuke ƙofa zuwa 8, sannan 16, ka gwada girman ramukan biyu da ido. In wani abu ya cije, kada ka ɗiga masa man keken ɗinki. Mai zai bi ya manne ganyen marufi ya hau gilashi. Ka nemi mai gyara da ya san tsofaffin kyamarori.

Sannan ka sadaukar da naɗin fim na farko don gwaji. Mai hoto 36 zai ba ka tagwaye 28 ko 29. Ka zaɓi wuri mai fari, mai duhu da tsaka-tsaki, ka ɗauka da lambar da lissafi ya ba ka, ka sake da ragin rabin mataki, ka sake da ƙarin rabi. Ka yi haka a 1/25, 1/50, 1/100 da 1/150, kana sauya ƙofa yadda hasken zai zama ɗaya. Ka rubuta komai a ɗan littafi nan take, don bayan mako biyu ba za ka tuna ba. Silaid ya fi dacewa da wannan gwaji, tunda ba ya ɓoye kuskure. In ka kai wanki, ka ja musu kunne kada su yanka fim ɗin: hoton Realist ramin gefe 5 yake ci, ba 8 na sauran kyamarori ba, kuma tsakanin na dama da abokinsa na hagu akwai wasu hotuna biyu, injin yanka zai bi ta tsakiyarsu.

Da ya dawo, ka shimfiɗa shi a kan haske ka buɗe littafinka. In duk na 1/150 sun fi sauran haske, ka san marufinka bai kai can ba, ka riƙa lissafa shi a matsayin 1/100. In duk naɗin ya fi kyau a ragin rabin mataki, to haka kyamararka take, kullum ka rage mata rabi. In wani jan zane na fitowa a wuri ɗaya a kan hotuna, haske ne ke yoyo ta ƙofar baya, baƙin salatif zai riƙe maka kafin a gyara. Abin da ka gano ka rubuta shi a 'yar takarda ka manna a bayan kyamarar, ka kuma sake gwajin duk lokacin da aka buɗe cikinta ko ta daɗe a ajiye.